Inabi a Ƙasar Zazzau: Daga Kantunan PZ Zuwa Lambunan Kudan

A watan Mayun 1824 wani matafiyi ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya sauka a birnin Katsina, a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato inda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abubuwan da ya rubuta game da garin har da 'ya'yan itatuwan da ya tarar, wato ɓaure da rumman da lemun tsami da dangin kankana. Ya kuma ƙara da wani labari da mutanen gari suka ba shi, cewa a da inabi ya wadata a Katsina, amma an sare kuringoginsa sa'ad da aka ci garin da yaƙi a zamanin jihadi. Yau shekara 200 ke nan da ɗoriya, kuma tun a wancan lokacin ana ba da labarin inabin ne a matsayin abin da aka yi aka gama.

Wanda ya san Katsina ta wancan zamani ba zai yi mamaki ba. Ita ce mashigar ayarin hamada, fataken Gadamas suna da gidaje a cikinta, kuma hannun da ya kawo rumman ba zai gaza kawo reshen inabi ba. Har gobe a Abzin, can cikin duwatsun arewacin Nijar, mutanen Timiya suna noman inabi tare da lemu da rumman da ruwan rijiya.

Abin da ya sa na ɗauko zancen daga nesa shi ne wata tambaya da na gaji da ji a PZ ta Zariya. Mutum zai tsaya gaban teburin mai kayan marmari, a nuna masa inabi a ce na gida ne, sai ya ɗaga gira ya ce, "Wai inabi yana yi a ƙasar nan?" Mai tambayar nan sau da yawa ɗan boko ne, wataƙila ma a Samaru ya yi karatu. Ni a Sabon Gari aka haife ni, mahaifina ma'aikacin reluwe ne, na kuma ƙare ƙuruciyata ina aikin malamin gona a ƙauyukan arewacin Zazzau. Tambayar tana sosa mini rai, domin na san inda ta samo asali. Wurin da ake tsaye ana yin ta, shi ya koya mana ita.

PZ ba unguwar gado ba ce. Sunan wani kamfani ne, Paterson Zochonis, wanda mutum biyu suka kafa, George Paterson ɗan Sikotilan da George Zochonis Bagirke. A Saliyo suka fara ciniki cikin 1879, suka buɗe reshe a Legas cikin 1899. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, sai kamfanonin Turawa suka biyo dogo suka kakkafa kantuna dab da tasha, nesa da ganuwar birni. Akwai John Holt, akwai Kamfanin Neja wanda daga baya ya narke cikin UAC a 1929, akwai G.B. Ollivant. Na PZ ne dai sunansa ya bi wurin har yau, ko da yake yaran da ke kiran fasinja suna "PZ! PZ!" daga Samaru da Kwangila ba su taɓa ganin kantin yadda yake a da ba. Zariya ta zama mahaɗar dogo. Wani ƙaramin layi ya nufi ma'adinan kuza na Jos, aka rufe shi a 1957. Wani ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Sabon Gari kuwa ta taso ne don ma'aikatan jirgi da akawunan kamfanoni da 'yan kasuwa daga kudu.

Duk wannan gini, manufarsa guda ce. A kwashi auduga da gyaɗa da fatu a loda a tarago su yi kudu, su tsallaka teku. A sauke atamfa da akoko da gishiri da kananzir da sabulu da kwanon sha. Ƙungiyar masu saƙa ta Ingila mai neman auduga, wadda aka kafa a Mancesta cikin 1902, ta gina gidan gurza a Zariya ba da jimawa da isowar jirgi ba. A 1959 aka buɗe masana'antar taba. Manomi ya kawo ɗanye a auna a ba shi abin da aka ga dama, ya juya ya miƙa kuɗin a kanta ya sayi abin da aka sarrafa a wata ƙasa. Shekara hamsin ana wannan, ido ya saba cewa abu mai kyau a kwali yake zuwa, daga teku. Muna yara, tuffa sai dai mu hango ta a kantin Turawa. Zabibi kuwa sai in alhazai sun dawo, a damƙa mana 'yan ƙwayoyi tare da dabino da kurɓin zamzam, mu yi ta tsotsa don kada ya ƙare da wuri. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa busasshen inabi ne, balle a ce zai iya fitowa a bayan gidanmu.

Samaru ma da wannan niyya aka fara ta. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a can, auduga ce kan gaba, ga gyaɗa na biye. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoban 1962, sai tashar ta koma ƙarƙashinta ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. Ba na cikin masu rage wa Samaru daraja. Irin masara da dawa da wake da gyaɗa da ke ɗauke da sunanta, su SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT, sun ciyar da gidajen da ba su ƙirguwa daga nan har Nijar. Sai dai inabi ba ya cikin manyan amfanin gonar da aka ɗora wa cibiyar, don haka a gefe ya rayu.

A gefen nan na fara ganinsa da idona, cikin shekarun 1970. Lokacin jami'a cike take da malamai Indiyawa da 'yan Pakistan da Misirawa, kuma kusan duk wanda ya fito daga ƙasar inabi sai ya kafa kuringa ɗaya ko biyu a bakin barandarsa. Haka wasu Kwarori suke yi a gidajensu na wajen Sabon Gari. Masu kula musu da gadina mutanenmu ne, daga Bomo da Basawa da Shika. Su ke haƙa ramin, su ke ban ruwa, su ake nuna wa inda za a sa almakashi. In an datse rassa an zubar, mai gadina yakan tsinci 'yan sanduna ya ɗaure a bayan kekensa. Inabi ba ya buƙatar iri, reshe mai ido uku ko huɗu ya isa, a soke shi a ƙasa mai laima ya yi saiwa. Baƙin sun koma ƙasashensu tuntuni, sanin ya zauna a hannun waɗanda ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

Akwai dabara a cikin abin, kuma ita ce ta raba wanda ya ci 'ya'ya da wanda ya tara ganye. A ƙasashen sanyi kuringa takan zubar da ganye ta yi barci cikin hunturunsu, ta farka da fure. A nan babu sanyin da zai kwantar da ita, in ka bar ta sai ta yi ta yaɗo shekara da shekaru ba ta ba ka komai ba. Dole manomi ya tilasta mata hutu: ya janye ruwa, ya tsige ganye, ya datse rassa. Manoman Indiya, musamman na yankin Nashik a jihar Maharashtra, su suka gwanance a wannan, suna datsa sau biyu a shekara, ɗaya wajen Afrilu don kuringa ta yi sababbin rassa, ɗaya wajen Oktoba don ta yi 'ya'ya. Lissafin nan ya zauna daidai a ƙasar Zazzau. Muna kan tudu, kusan mita 670 sama da teku. Ruwan sama yana ɗaukewa a Oktoba. Daga nan sai hunturu, dare da sanyi, rana da haske, iska a bushe ƙayau. Babban abokin gaban inabi laima ce, ita ke kawo fumfunar da ke cin ganye da fure. Damina dai lokacin tsaro ce da feshi, rani shi ne lokacin samu. Wanda ya datsa da ɗaukewar ruwa, daga wajen Janairu zuwa Maris yana tsinka.

Inda abin ya kafu sosai shi ne Kudan, ƙaramar hukumar da aka cire daga Maƙarfi a 1996, mai hedkwata a Hunƙuyi. Jami'an jihar Kaduna sukan ambace ta a matsayin inda ake noma mafi yawan inabin Nijeriya. Ni ban ga abin mamaki ba da ya zama can ne. Ƙasar rake ce da mazarƙwaila, ƙasar tumatir da albasa da dankali, mutanen da suka gaji fadama tun kaka da kakanni. Wanda ya iya jiran rake wata goma, ya iya tashi da asuba ya tayar da injin ban ruwa cikin sanyin Disamba, ba inabi ne zai gagare shi ba. Kuma sun sha wuya a hannun tumatir. Shekarar 2016, da wata tsutsa ta cinye gonaki har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, na san magidantan da suka wayi gari ba su da ko kuɗin taki. Itacen da za ka dasa sau ɗaya ka yi shekara ashirin kana ci, dole ya shiga ran mutumin da ya ga haka.

Wani dattijo da muka saba tun ina aiki ya taɓa kai ni lambunsa ana tsakiyar tsinka. Ta Basawa muka bi da sassafe, ƙura ta rufe hanya. Daga waje ba ka ganin komai sai katangar ƙasa da ƙofar langa-langa. Da muka shiga sai na ga rumfa ce shimfiɗe, ginshiƙan kankare a jere, an ja waya a kansu tsaye da kwance, tsayinta ya ɗan ɗara mutum. Ganye ya rufe sama ruf. Ƙarƙashi inuwa ce mai sanyi, ƙasa a jiƙe, ga warin takin shanu da ya ruɓe. Nonnan inabi suna rataye a saitin goshi, wasu kore shar, wasu sun yi baƙi da farin gari-gari a jikinsu wanda in ka shafa da yatsa sai ya goge. An lulluɓe gefen rumfar da tsofaffin gidajen sauro da aka ɗinke wuri guda, wani yaro kuma yana zagawa da gwangwani da tsakuwa a ciki yana kaɗawa.

Na ce, "Alhaji, duk wannan don tsuntsu?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, tsuntsu ya fi ɓarawo. Ɓarawo nono ɗaya zai yanka ya gudu. Shi kuwa wannan ƙwaya ɗaya zai huda a kowane nono, ƙudan zuma da zanzaro su ƙarasa, gobe ka tarar duk ya ruɓe."

Ya nuna mini wata kusurwa inda ya fara da sandunan itace, gara ta cinye su cikin damina biyu rumfar ta rufta da kaya a kanta. Tun daga ranar ya koma kankare. Ya nuna mini wata kuringa da ya datsa a makare, tana tsaye ba ganye ko ɗaya kamar yaron da aka yi wa ƙwal-kwabo, idanun rassan sun fara kumbura. Ya ce duk wanda ya fara ganin wannan sai ya ce an kashe itacen, matarsa ma har kuka ta yi a shekarar farko. Sannan ya sa almakashi ya yanko nono guda ya ɗauraye a bokiti ya miƙo mini. Fatarsa da ɗan kauri, akwai ƙwallo a ciki, zaƙi ya fara zuwa sannan ɗan tsami ya biyo baya. Na cikin roba da ake kawowa daga waje ya fi shi girma da sheƙi. A ɗanɗano kuwa, abin da aka yanka yanzu da abin da ya yi makonni a ɗakin sanyi ba su zama ɗaya ba.

Kuɗin kafa irin wannan lambu ba kaɗan ba ne. Ga ginshiƙai, ga waya, ga rijiyar burtsatse, ga katanga, sannan a jira shekara ɗaya da rabi ko biyu kafin a ga nonon farko. Duk ya jure wannan. Abin da ya dame shi yana bakin ƙofa: 'yan sari uku zaune a kan benci da kwalayensu, ba mai gaggawa a cikinsu. Sun san inabi in ya nuna ba ya jira, kuma ba ya ƙara nuna bayan an yanke shi, don haka ba a tsinkarsa ɗanye a ajiye yadda ake yi wa mangwaro ko ayaba. Lambuna duk lokaci guda suke nuna. Zafin Maris yana tafe. Manomin da ba shi da ɗakin sanyi, farashin da aka faɗa masa da yamma shi zai karɓa. Na tsaya ina kallonsu sai na tuna layin masu auduga a bakin sikeli lokacin muna yara.

A ranar da inabin Kudan ke neman mai saye, a PZ ana sayar da na Afirka ta Kudu da na Masar cikin 'yan robobi da tsada. Mutanen Afirka ta Kudun ma ba da shi aka halicce su ba. A 1655 wani mai suna Jan van Riebeeck ya dasa kuringar farko a Kef. Abin da ya buɗe musu kasuwar duniya shi ne jirgin ruwa mai ɗakin sanyi, wanda ya fara kai ɗanyun 'ya'yan itacensu Ingila a 1892. Kwarin Hex da ke tsakanin duwatsu ya zama gidan inabin ci. Ba ƙasa suka fi mu ba, ba kuma rana ba. Sanyaya kaya da shirya su da haɗa kai wajen sayarwa, nan suka bar mu.

Sun kuma gane wani abu. A 1971 masu gonakin Stellenbosch suka tsara hanyar da baƙi za su riƙa bi gona-gona suna kallo suna ɗanɗanawa suna saye, yau kuma ana yin irin wannan daga Faransa da Italiya har Nashik ɗin da na ambata. Gaskiya ne abin da ke jan yawancin baƙin can giya ce. Mu Musulmi ne, wannan ƙofa a rufe take, kuma ban taɓa jin manomin Kudan ɗaya da ya yi sha'awar buɗe ta ba. Amma ban yarda cewa haramcin giya ya raba mu da inabi ba. Sau 11 aka ambace shi a cikin Alƙur'ani, a jerin ni'imomin duniya da na Aljanna. Kowane ɗan makarantar Islamiyya ya san ranar Ɗa'ifa, sa'ad da mutanen garin suka jefi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fake a wani lambu na Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa nonon inabi. Ɗa'ifa gari ne na kan dutse, kusan mita 1,800 sama da teku, har yau ana noman inabi da rumman a can, kuma alhazanmu suna biyan kuɗin mota su hau su gani. Yaron da ya haddace wannan ƙissa a Tudun Wada ko Samaru bai taɓa ganin kuringa ba, alhali tana nan tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Me zai hana makarantu su riƙa kai ɗalibai a watan Fabrairu, a biya mai lambu kuɗin shiga, kowane yaro ya yanki nono da hannunsa a auna masa? Me zai hana magidanci ya ɗebi iyalinsa ranar Asabar? Kuɗin da ɗan sari zai ci, ya shiga aljihun wanda ya yi wahalar.

Ɗakin sanyi yana son wuta, kuma mun san halin da wuta take ciki. Shi ya sa hankalina ya fi karkata ga zabibi. A Turfan, yammacin Sin, Musulmin Uigur suna busar da inabi a ɗakunan tubalin ƙasa masu huda-huda a bango, a rataye nonna a ciki iska mai zafi ta ratsa, ba inji ba lantarki. A Afganistan ma haka ake yi, har suna da wata dabara ta rufe ɗanyen inabi cikin ƙwarya biyu na laka a liƙe bakin, ya yi watanni bai lalace ba. Kilo huɗu na ɗanye yana ba da kusan kilo ɗaya na zabibi, wanda zai shekara a buhu. Iskar da ta fi ta hunturunmu bushewa sai an tona. Ginin ƙasa kuwa, Zariya, garin da Babban Gwani ya gina masallacin Juma'arsa ba za a koya masa ba. Dafarar da maginanmu ke jiƙawa su haɗa laso da ita ma 'yar dangin inabi ce, a dajinmu take fitowa ba mai shuka ta. Abin da ya rage shi ne irin da ya dace, domin zabibi mai kyau daga inabi marar ƙwallo ake yinsa, irin su Thompson. Wannan aikin Samaru ne. A ware fili, a gwada iri goma ko ashirin, a ga wanda ya jure daminarmu, a yaɗa rassansa masu lafiya ga manoma, a rubuta littafin koyarwa da Hausa. Cibiyar da ta yi wa masara wannan hidima ba za ta kasa yi wa inabi ba.

Ga manoman kuma, shawarata ita ce wadda na sha ba su tun ina aiki: kada kowa ya datsa a mako guda. In an rarraba datsa tsakanin farkon Oktoba da Nuwamba, tsinka ma za ta rarrabu, ɗan sari ba zai tarar da kowa a matse rana ɗaya ba. Wannan ba ya buƙatar ko sisin gwamnati, zama kawai yake so da amana tsakanin maƙwabta.

Kai kuma mai karatu, in Allah ya kai mu Janairu ka bi ta PZ, kada ka miƙa hannu ga na roba kai tsaye. Ka tambayi mai tebur ko yana da na Kudan. In ya ce babu, ka ce masa ya samo, za ka dawo. Mai tebur ba ya saro abin da ba a tambaya.